Nisan Kano da Landan a Jirgin Sama

In mutum ya yi niyyar tafiya, abin da ya kan fara tambaya shi ne, "Ina nisan wurin?" Da jin amsa sai ya san irin guzurin da zai riƙa, da lokacin da ya kamata ya tashi, da inda zai yada zango. Fataken da su kan auna hanya da kwanaki, su ce daga gari kaza zuwa gari kaza kwana biyar ne. Direban mota ya kan auna da mil ko kilomita, yana duban duwatsun da aka kakkafa a bakin hanya. To, jirgin sama fa? A sama babu turba, babu dutsen mil, babu ƙauyen da za a tsaya a yi tambaya. Duk da haka, tun jirgi bai bar ƙasa ba direbansa ya san nisan da ke gabansa, ya san yawan man da zai sha, har ya san sa'ar da zai sauka. Cikin wannan darasi za mu ɗauki birane biyu masu nisa da juna, watau Kano da Landan, mu ga yadda a ke sanin abin da ke tsakaninsu.

Nisan da ke tsakaninsu

Kano tana arewacin Nijeriya. Filin jirgin samanta, wanda yanzu a ke kira da sunan Malam Aminu Kano, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a ƙasar nan. Landan kuwa ita ce babban birnin Ingila, babban filin jirginta kuma, wanda a ke kira Heathrow, yana yamma da gari.

In aka miƙe sak daga wannan fili zuwa wancan, ba ratse ba kwana, nisan ya kai wajen kilomita 4,450, watau mil 2,770 ke nan. Faɗin wannan adadi da baki ba wuya, amma ba a gane girmansa sai an gwada shi da abin da aka sani. Daga Kano zuwa Legas, wadda mutanen da ke kira Ikko, wajen kilomita 830 ne a jirgin sama. Ashe sai an jera tafiyar Legas sau biyar, har da 'yan kai, kāna a cika nisan Landan. Ko kuwa mu ce ga wani ƙaƙƙarfan mutum mai iya tafiyar kilomita 30 kowace rana a ƙasa. In ya tashi bai huta ko da rana ɗaya ba, dutse bai tare shi ba, teku ba ta tare shi ba, sai ya yi kwana 148 a hanya, watau wata biyar ba kaɗan.

Watakila wani yaro ya ce, "To, wa ya ɗauki igiya ya gwada?" Ba wanda ya gwada da igiya. Da lissafi aka samo shi, lissafin kuwa bai fi ƙarfinku ba.

Lemo da zare

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma. Dunƙulalliya ce kamar lemo. Saboda haka jirgin da zai tashi daga wani gari zuwa wani, tilas ne ya bi bisa doron duniya, hanyarsa ta tanƙwara kamar baka.

Gani ya kori ji. Ku samo lemo guda, da zare, da ƙaya biyu. Ku soka ƙaya ɗaya a wani gefe, ku ce nan ne Kano, ku soka ɗayar can nesa kaɗan, ku ce nan ne Landan. Ku ɗaura zaren a ƙayar fari, ku ja shi zuwa ta biyu har ya yi tauri. Inda zaren nan ya kwanta, nan ne hanyar da ta fi kowace gajarta tsakanin ƙayoyin biyu. In kuka tura shi dama ko hagun, sai kun ƙara masa tsawo kāna ya kai. In kuma kuka ci gaba da shi ya kewaye lemon ya komo inda ya fara, za ku ga ya raba lemon gida biyu daidai wa daida. Irin wannan kewaye shi masana ke kira babbar da'ira. Ko ina birane biyu su ke a duniya, gajeriyar hanyar da ke tsakaninsu wani yanki ne na babbar da'ira.

Yanzu ku ɓare lemon, ku yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon bisa tebur. Za ku ga ba ya kwanciya sai ya tsattsage. Wannan ita ce wahalar da masu zana taswira ke sha. Da ya ke ba su son taswirarsu ta tsage, sai su jajja waɗansu wurare su ƙara musu faɗi. Irin taswirar da aka fi ratayewa a bangon makarantu, wani masani ne mai suna Markato ya fito da tsarinta a shekarar 1569, don amfanin masu jiragen ruwa. A cikinta ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu su kan kumbura ƙwarai. Akwai wani tsibiri mai ƙanƙara da a ke kira Girinlan. In kun dube shi a wannan taswira sai ku ce ya yi kusan girman Afirka, alhali kuwa Afirka ta ninka shi sau 14.

Don haka wanda ya ɗora rula bisa taswirar bango don ya nemi gajeriyar hanya, sau da yawa ya kan ruɗu. Ga misali. Tokiyo, babban birnin Japan, tana gabas da Landan, ta kuma fi ta kusa da kudu. Rula za ta ce a yi gabas a ɗan gangara kudu. Amma in an ja zare bisa dunƙulen taswirar duniya, sai a ga ya haura arewa tukuna, ya bi ta kan ƙasashen sanyi na arewacin Turai da arewacin Rasha, sa'an nan ya gangaro Japan. Wannan hanya wajen kilomita 9,600 ce, ba kuwa wadda ta fi ta gajarta. Tsakanin Kano da Landan taswirar bango ba ta yin ruɗi da yawa, don tafiyar kusan duk arewa a ke yi. A tafiyar gabas da yamma ne ruɗin ya fi yawa.

Yadda a ke lissafin

In aka kewaye duniya duka aka komo inda aka fara, an yi tafiyar kilomita 40,000, ko kusa da haka. Kun kuwa koya cikin darasin lissafi cewa kowace da'ira a kan raba ta kashi 360, kowane kashi ana kiransa digiri. To, mu raba:

40,000 ÷ 360 = 111, da ɗan saura.

Ashe duk wanda ya yi tafiyar digiri ɗaya bisa doron duniya, ya yi kilomita 111 ke nan. Ku riƙe wannan adadi da kyau, don shi ne mabuɗin aikin duka.

Ba yau aka fara neman wannan adadi ba. Wajen shekarar 830, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aiki masana taurari cikin wani miƙaƙƙen fili, suka yi ta tafiya suna auna ƙasa suna duban sama, har suka gane tsawon digiri ɗaya. Abin da suka samu bai yi nisa da wanda a ke aiki da shi yau ba.

Me ya haɗa duban sama da awon ƙasa? Akwai wani tauraro a arewa wanda ba ya gusawa daga wurinsa, ko da ya ke sauran taurari suna kewayawa. In kuka fita da dare a Kano sa'ad da sama ta yi garau, kuka fuskanci arewa, za ku gan shi can ƙasa-ƙasa, digiri 12 bisa inda sama ta haɗu da ƙasa. In mutum ya yi ta tafiya arewa, sai ya ga tauraron nan yana ta ƙara hawa. Duk kilomita 111 da ya yi, tauraron ya ƙara digiri ɗaya. Mutumin Landan sai ya ɗaga kai sosai kāna ya gan shi, don a can yana bisa digiri 51 da rabi.

Wannan shi ne ma'anar layukan nan da ku ke gani an zana a kwance bisa taswira. Layin da ya ɗaure duniya a tsakiya kamar ɗamara shi ne Ikwaita, daga gare shi a ke fara ƙirga. Kano tana digiri 12 arewa da shi, Landan tana digiri 51 da rabi. To, mu ɗebe, sa'an nan mu ninka:

51½ − 12 = 39½

39½ × 111 = 4,384½

Kun ga mun kusa kai ga 4,450. Ina sauran? Da Landan tana arewa sak da Kano, da lissafinmu ya ƙare nan. Amma ta ɗan karkata yamma. Layukan da aka zana a tsaye bisa taswira su ke nuna gabas da yamma, ana kuwa fara ƙirga su daga wata unguwa ta Landan mai suna Girinic. Kano tana digiri 8 da rabi gabas da wannan layi, filin Heathrow kuwa yana rabin digiri yamma da shi, tsakaninsu digiri 9 ke nan. Wannan karkata ba ta ƙara tsawon hanya da yawa. Ku tuna da doguwar gona. Wanda ya ratsa ta daga ƙofa zuwa ƙarshe yana ɗan karkata gefe, bai fi wanda ya miƙe sak tafiya ba sai da 'yan taki kaɗan. Haka nan karkatar Landan ta ƙara wajen kilomita 70 kurum. In an haɗa, sai a sami wajen 4,450.

Direbobin jirgin sama da na ruwa suna da irin nasu mil, wanda a ke kira mil na teku. Tsawonsa mita 1,852 ne, ya ɗara mil na ƙasa kaɗan. An tsara shi ne yadda digiri ɗaya zai zama mil 60, don lissafi ya yi sauƙi. In an bi zaren nan daga Kano zuwa Landan, digiri 40 ne. Saboda haka in ka tambayi direban jirgi, sai ya ninka 40 da 60, ya ce maka mil 2,400 ne. Kada ku ce ya yi kuskure. Hanyar ɗaya ce, mudun awon ne ya bambanta.

Abin da jirgi ke ƙetarewa

Bari mu bi zaren nan mu ga abin da ke ƙarƙashinsa. Da jirgi ya tashi daga Kano sai ya fuskanci arewa, ya ɗan karkata yamma kaɗan. Ya bi ta kan ƙasar Daura, kafin minti ashirin ya shiga Jamhuriyar Nijar. Ya wuce yamma da Damagaram, gonaki suna ta raguwa, itatuwa suna ta ƙaranci, har ya iso kan Agadas, duwatsun Azbin suna hannunsa na dama. Daga nan sai hamada. Ya shiga ƙasar Aljeriya, ya bi ta kan duwatsun Ahaggar, inda Buzaye ke zaune. Mafi tsawo cikin duwatsun nan ya kai wajen mita 2,900, amma jirgi ya fi shi nisa sama har sau uku, don ya kan tashi fiye da mita 10,000.

Hamadar nan ita ce kashi mafi tsawo na tafiyar, wajen kilomita 2,000, jirgi ya kan yi fiye da awa biyu bisa kanta. Wanda ya leƙa ta taga ba ya ganin kome sai rairayi da duwatsu. Ga wani abin mamaki kuma. Ko da rana ta take tsaka, rairayi ya yi zafin da ba ya takuwa, iskar da ke jikin jirgi a can sama ta fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, don ta kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin zafi. Iskar kuma ba ta da kauri yadda mutum zai shaƙa ya ƙoshi. Shi ya sa a ke rufe jirgi ruf, a riƙa tura wa mutanen ciki iska mai ɗumi da inji.

Bayan hamada sai duwatsun Atlas, sa'an nan gaɓar teku kusa da babban birnin Aljeriya. Nan Afirka ta ƙare. Jirgi ya ƙetare Bahar Rum, ya taɓa kusurwar ƙasar Sifen, ya haye duwatsun da suka raba ta da Faransa, ya ratsa Faransa tun daga kudu har arewa. Daga nan sai wani mashigin teku wanda ya raba Faransa da Ingila. Tun yana bisa wannan ruwa ya ke fara saukowa sannu sannu, har ya dira a Landan.

Awa nawa a ke yi?

Manyan jiragen fasinja na yanzu su kan yi gudun kilomita 850 cikin awa ɗaya, wani lokaci har su ɗara. In kuka raba 4,450 da 850 za ku sami awa biyar da kwata. Amma jirgi ba ya cikakken gudu sa'ad da ya ke hawa, ko sa'ad da ya ke saukowa, wani lokaci kuma sai ya yi ta shawagi yana jiran a ba shi izinin sauka. In an haɗa duka, tafiyar ta kama awa shida. Watau mutum ya tashi Kano da hantsi, la'asar ta same shi a Landan. Agogonsa ma ba zai sha gyara da yawa ba. Da lokacin sanyi agogon Landan yana bayan namu da awa ɗaya, da lokacin zafinsu kuwa su kan tura nasu gaba, sai ya zama daidai da namu.

Don ku san darajar awa shidan nan, ku ji yadda a ke yi da. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, gwamnatin Ingila ta aiko shi yawon bincike. Ya bar Tarabulus, a bakin Bahar Rum, cikin watan Maris 1850, ya biyo ayarin raƙuma ta Azbin da Agadas, yana tsayawa a garuruwa. Bai shigo Kano ba sai cikin Fabrairu 1851. Hamadar da ta ci masa watanni, ita ce jirgi ke ƙetarewa kafin fasinja su gama cin abinci su ɗan yi gyangyaɗi.

A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga nan mai zuwa Ingila sai ya yi wajen kwana biyu a jirgin ƙasa zuwa Legas, ya shiga jirgin ruwa ya yi kamar mako biyu bisa teku. Ku duba taswira ku ga irin wannan kewaye: mai son zuwa arewa sai ya fara yin kudu tukuna, sa'an nan ya zagaya Afirka ta Yamma duka.

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. Guda uku ne, na sojan Ingila, sun taso daga Masar, suka yi kwanaki a hanya suna yada zango. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu a jirgin sama tsakanin Hartum da Kano, aka haɗa ta da hanyar Landan. Cikin shekarun 1950 Kano ta zama babban zango, don jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba su iya doguwar tafiya sai sun tsaya shan mai. Jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka su kan sauka Kano bayan sun ƙetare hamada, kamar yadda ayari ke sauka a bakin rijiya. Da aka sami jirage masu dogon zango, sai bukatar tsayawar ta ragu. A zamanin nan galibin masu zuwa Landan daga Kano su kan biya ta Abuja, ko Legas, ko wata ƙasa. Daga Abuja nisan ya kai wajen kilomita 4,770, a kan yi kamar awa shida da rabi.

Abin da ke sa a ratse

Ba kullum jirgi ke bin zaren nan daidai ba. Da fari akwai iska. Can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Tsakanin Landan da birnin Niyok na Amurka wajen kilomita 5,550 ne, ko an tafi ko an komo. Amma mai zuwa Niyok ya kan yi kamar awa takwas, don yana karo da iska, mai komowa kuwa awa bakwai, don iska na tura shi. Na biyu akwai hadari. In direba ya hangi gajimare mai tsawa ya yi gini a gabansa, sai ya kewaye shi.

Na uku, kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisanta, ba jirgin da ke shiga sai da izini. A 2022, sa'ad da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, aka hana jiragen Ingila bi ta kan Rasha, sai tafiyar Tokiyo da a ke yi cikin awa 12 ta koma wajen awa 14. Cikin watan Agusta 2023 kuma Nijar ta rufe sararinta har kusan wata guda, tilas jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka riƙa zagayawa ta waɗansu ƙasashe. Direba ba ya jin haushin irin wannan kewaye, don ya san hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Duk wannan ƙididdiga saboda mai a ke yin ta. Mota in manta ya ƙare sai ta tsaya a gefen hanya, a jira taimako. Jirgin sama ba shi da gefen hanya. Ba a kuwa iya cika shi da mai barkatai, don man kansa kaya ne mai nauyi, in ya yi yawa sai jirgi ya ƙara shan mai wajen ɗaukarsa. Saboda haka doka ta ce kafin jirgi ya tashi, sai an zuba masa man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani fili dabam in an tarar na farkon ba ya saukuwa, da kuma na ajiya wanda zai riƙe shi a sama wajen rabin awa. Wanda bai san nisa ba, ina zai san yawan man da zai zuba?

Sifiri ɗaya

Sanin nisa kaɗai bai isa ba, sai an san inda aka dosa. Ga wani labari da ya faru a kan wannan hanya tamu.

Cikin watan Mayu 1952 wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC ya taso daga Landan za shi Nijeriya. Ya sauka Tarabulus ya sha mai, ya tashi da dare ya nufi Kano. A zamanin nan kowane babban jirgi yana da ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne lissafin hanya. Kun san allurar kamfas tana nuna arewa, amma ba arewa sak ba, ta kan ɗan kauce, sai an yi mata gyara da 'yan digiri. Gyaran da ya kamata a yi a daren nan digiri 6 ne. Sai aka yi kuskure wajen murɗa na'urar, ya zama 60.

Jirgi ya yi ta tafiya cikin duhu, injuna suna aiki lafiya lau, fasinja suna barci. Maimakon ya yi kudu zuwa Kano, sai ya yi ta karkata yamma. Akwai wani kamfas na biyu a cikin jirgin wanda ke nuna gaskiya, amma da aka ga biyun sun saɓa, sai aka zaci shi ne ya lalace. Kafin a gane abin da ya faru an yi nisa ƙwarai, mai kuma ya kusa ƙarewa. Ran 26 ga wata, tilas direba ya saukar da jirgin bisa rairayi, kudu da wani gari mai suna Atar, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Muritaniya, fiye da kilomita 2,000 daga Kano. Mutanen ciki duk suka fita da rai. Amma sai da suka yi kwanaki cikin zafin hamada kāna suka kai ga wurin da ke da ruwa, mataimakin direba kuwa, wanda ya yi rauni a ka, a can ya rasu.

Man da aka zuba wa jirgin nan ya isa ya kai shi Kano har ya yi saura. An san nisan, an auna man daidai. Sifiri ɗaya ne ya shiga inda ba wurinsa ba.

Yau jirage suna da na'urori masu karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, su nuna wa direba inda ya ke a kowane lokaci, kwamfuta kuma ta yi masa lissafin hanya. Duk da haka ba a yarda direba ya dogara ga na'ura ɗaya ba. Su biyu ne ke zaune a gaba, in ɗaya ya shigar da adadi sai ɗayan ya duba, a hanya kuma su riƙa gwada man da ya rage da nisan da ya rage. Ku ma in malam ya ba ku lissafi kun gama, kada ku yi hanzarin miƙa littafi. Ku sake dubawa tukuna, ku tabbata kowace lamba tana gidanta. Watakila cikinku akwai wanda wata rana zai zauna a gaban jirgi, mutum ɗari uku suna barci a bayansa, sun dogara ga Allah, sun dogara ga lissafinsa.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Landan in an miƙe sak? Mil nawa ke nan?
2. Don me taswirar bango ta kan ruɗi mai neman gajeriyar hanya?
3. Faɗi ƙasashen da jirgi ke bi ta kansu daga Kano zuwa Landan, bi da bi.
4. Wani gari yana digiri 20 arewa sak da garinku. Kilomita nawa ne tsakaninku?
5. Jirgi yana gudun kilomita 850 cikin awa ɗaya. Awa nawa zai yi kafin ya cika kilomita 3,400?
6. Kawo abubuwa uku da ke sa jirgi ya bar miƙaƙƙiyar hanya.
7. Me ya sa jirgin 1952 ya ɓace, ko da ya ke yana da isasshen mai?

Aiki

Ku roƙi malam ya kawo muku dunƙulen taswirar duniya. Ku ja zare daga Kano zuwa Jidda, ku yi masa alama, sa'an nan ku kwantar da shi bisa layin Ikwaita ku ƙirga digiri nawa ya ci. Ku ninka abin da kuka samu da 111. In aikinku ya yi kyau, amsarku ba za ta yi nisa da kilomita 3,400 ba.